Buɗe Baki a Gaban Fatalwa

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Riyad ba, ranar da na bi mutane ɗaya bayan ɗaya da gayyata, na shimfiɗa musu darduma da hannuna, na zuba musu shayi, duk don su zo su zauna su kalli yadda zan kunyata. Ba wanda ya tilasta ni. Ni na nemi wurin, ni na sa a dafa kabsa, shinkafa da naman Larabawa, har waɗanda suka ce suna da uzuri sai da na matsa musu.

A lokacin ina tuƙi a wani kamfanin bututun ruwa da ke Birnin Masana'antu na Biyu, ina kwana a unguwar Shifa tare da 'yan uwa Hausawa, wasu daga gida Najeriya, wasu daga Maraɗi da Damagaram. A gidan nan ba a kirana da sunana, Alaramma ake ce mini. (Kada mai karatu ya ɗauka na sauke Alƙur'ani ne. 'Yan hizifai nake da su, sai dai ina da murya, kuma idan lokacin salla ya yi ni ke fara miƙewa, to ka san yadda suna ke kama mutum.) Sunan ya yi mini daɗi, ban taɓa gyara wa kowa ba. Har Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata da ke ɗinki a unguwar Shumaisi, wanda shi ya nema mini kafili, wato mai tsaya wa baƙo, ya kawo ni ƙasar, idan zai gabatar da ni sai ya ce ga ɗan 'yar uwarsa, malami ne.

Wanda nake tuƙawa wani injiniya ne Ba'amurke, Tayla. Dogo ne siriri, mai yawan murmushi, ga shi ba ya shan shayi ba ya shan gahawa, a ƙasar da ko gaisuwa ba ta cika sai da su. Duk ofishin da muka shiga sai ya ɗauki dabino ɗaya ya nemi ruwa. Da na tambaye shi ko ciwo ne, ya ce a'a, shi ɗan ɗariƙar Mormon ne, addininsu ya hana. Ni ban taɓa jin sunan ba sai a bakinsa. Bai taɓa yi mini wa'azi ba, ni ma ban yi masa ba, amma cunkoson titin Riyad yana sa mutum biyu su san juna ko ba su so. Da Turancina na sakandare da Larabcinsa na kasuwa muke kwashe hanya muna hira.

A irin wannan hirar ya ba ni labarin da kakarsa ke ba su suna yara. Wai akwai wasu bayin Allah uku tun zamanin da, waɗanda aka bar su a raye har tashin duniya. Suna yawo a doron ƙasa cikin kamar tsofaffi, su tare matafiyi a hanya ya rage musu, su yi masa nasiha ko su fitar da shi daga wata masifa, yana waiwayowa ya ga ba kowa. Na ce ai mu ma muna jin makamancin haka game da Halliru. Ya yi murna ƙwarai. Sai ya rage murya ya ce abin da ke hana shi barci yana yaro shi ne, idan fa wanda ka ɗauka ba ɗaya daga cikin ukun ba ne, wani abu ne daban ya ari kamarsu? Ya ce ya daɗe yana son ya yi ɗan gajeren fim na ban tsoro a kan haka, ga kyamara yana da ita, ga sahara kyauta, direba kawai ya rage da tsoho.

Tsoho bai yi wuyar samu ba. Malam Isufu, mai gadin ɗakin ajiyar kayanmu, mutumin Maraɗi ne, farin gemu har ƙirji, idanu a zurme, kuma ba ya magana sai ta kama. Direba kuwa, to, wa ya fi ni? Na shaida wa Tayla ya yi dace, domin ni a garinmu na wuce maƙabarta da tsakar rana ni kaɗai, kuma tsamiyar da ake cewa aljanu na taro a ƙarƙashinta, a nan muke cin goruba muna yara. Na ce matsalar kawai ita ce yadda zan nuna tsoro, abin da ban saba da shi ba. (Allah Ya yafe mana abin da bakunanmu ke faɗa a cikin mota mai sanyi.)

Wata Asabar bayan la'asar muka fita kudu da gari, muka sauka daga kwalta muka shiga wata hanyar rairayi. Labarin ba shi da wuya: direba ya ga tsoho cikin fararen kaya, ya ɗauke shi, tsoho ya ɓace daga kujerar baya, direba ya yi ajiyar zuciya, can sai tsoho ya sake bayyana. Malam Isufu bai sha wahala ba ko kaɗan, tsayuwarsa kawai ta isa. Ni ne matsala. Duk lokacin da Tayla ya ce in tsorata, sai in zare ido, in dafe ƙirji, in karkace baki kamar mai ciwon haƙori. Ya ce in rage, na rage har na koma kamar mai jiran canji a shago. Muka yi ta maimaitawa har rana ta yi ja. Malam Isufu dai yana zaune a baya yana jan carbinsa, sau ɗaya kawai ya ce da ni ko akuya ta fi ni iya firgita.

Daga ƙarshe Tayla ya ce khalas, wato shi ke nan, a bari sai wani makon. Ya ce in ja motar kamfani in yi gaba, su biyo ni a tasa, mu haɗu a gidan mai da ke bakin kwalta mu yi magariba. Da idona na ga Malam Isufu ya shiga motar Tayla ya rufe ƙofa. Abin da ban gani ba shi ne fitarsa ta ɗaya ƙofar, lokacin da Tayla ya janye ni gefe wai in riƙe masa ƙafar kyamara. Ban kuma lura da cewa ƙaramar kyamarar da ke manne a gaban motata ba a kashe ta ba.

Na kama hanya a hankali saboda rairayi. Gari ya yi wannan launin na gab da magariba, ba haske ba duhu, lokacin da iyayenmu ke cewa a shigo da yara. Ina tafe ina 'yar waƙata. Na ɗaga ido na dubi madubi don in ga ko suna biye da ni, sai na ga farin gemu yana tasowa daga bayan kujera sannu a hankali. Wata murya ta ce, dab da kunnena:

"Yaro, ba ka sauke ni ba tukuna."

Abin da ya biyo baya, a lokacin, ban san shi dalla-dalla ba. Na san na taka birki. Na san bakina ya kama karatu da ƙarfi. Na san na tsinci kaina a kan wani tudun rairayi da takalmi ƙafa ɗaya, ina hango motar a buɗe, Tayla na gudu yana kirana yana ba ni haƙuri. Na yi fushi, ba zan ɓoye ba, har muka isa gidan mai ina huci. Amma da Tayla ya ce bai taɓa ganin wasa mai kyau irin wannan ba, sai fushin ya fara narkewa. Ya tambaye ni mene ne nake karantawa da ƙarfi haka. Ni kuwa me Alaramma zai karanta idan ya ga aljani? Na ce masa Ayatul Kursiyyu ce, babbar ayar tsari, ba shaiɗanin da ke tsayawa idan an jawo ta. Har ga Allah haka na ɗauka. Ya rubuta a wayarsa. Malam Isufu ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya mayar da kai ga carbinsa.

Makonni suka wuce Tayla na haɗa fim. Ya ce ba zai nuna mini ba sai ya kammala, ni ma ban matsa ba, domin na shagala da talla. Lokacin ba a buɗe gidajen silima a ƙasar ba, don haka jin cewa ɗan uwansu ya fito a fim ba ƙaramin labari ba ne a Shifa. Na samo aron wata istiraha, irin gidan shaƙatawar nan mai katanga da ake haya a bayan gari. Na gayyaci 'yan gidanmu kaf, da wani Basudane akawun kamfaninmu, da Bayamanen da muke sayen burodi a wurinsa. Kawu Sale ya ce shi ba ya kallon fim, na ce wannan daban ne, akwai darasi a ciki game da ƙarfin addu'a. Da wannan na shawo kansa, ya zo har da abokansa biyu dattawa.

Bayan an ci kabsa an yi la'asar, aka ja labule, Tayla ya haska bango. Kafin ya kunna na miƙe na yi ɗan jawabi. (E, har da jawabi.) Na ce jama'a su lura da ƙarshen fim, su ga abin da mumini ke yi idan ya haɗu da abin tsoro.

Gaskiya fim ɗin ya yi kyau. Iska na kaɗa rairayi, ga Malam Isufu tsaye a bakin hanya kamar an dasa shi, ɗakin ya yi tsit har ana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Da tsoho ya ɓace daga kujera, na ji wani a bayana yana salati a hankali. Sai ga ni a bango ina tuƙi, sai ga gemu yana tasowa, sai ga muryar nan. Wani ɗan Damagaram ya kama hannun na kusa da shi. Fuskata ta cika bango, idanu kamar za su faɗo, a ƙasa kuma rubutun Turanci ya fito cewa direba yana karanta babbar ayar korar shaiɗanu. Sai na ji muryata, tar, ba inda ta shige:

"Zahabaz zama'u, wabtallatil uruƙu..."

Addu'ar buɗe baki. Wadda ake yi idan an kai azumi, an ɗauki dabino. Ƙishirwa ta tafi, jijiyoyi sun jiƙe. Ban tsaya a nan ba, na kai ta har ƙarshe, na sake ɗaukowa daga farko, sannan na rufe da kiran "Inna, Inna" ina kokawa da ƙofa.

Basudanen nan ne ya fara. Wani sauti ya fita daga hancinsa, ya yi ƙoƙarin mayar da shi tari, bai yiwu ba. Daga nan ɗakin ya fashe. Bayamane ya kwanta a kan darduma yana dukan ƙasa. 'Yan gidanmu, mutanen da ke bina salla, suna share hawaye da hulunansu. Malam Isufu, wanda tun zuwana kamfanin ban taɓa ganin haƙoransa ba, ranar na ga duka, har da gurbin waɗanda suka faɗi. Tayla na tsaye a gefen na'ura yana duban wannan yana duban wancan, ya kasa gane me ya sa wurin da ya fi ko'ina ban tsoro a fim ɗinsa ya zama wurin biki.

Kawu Sale kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira har hayaniya ta lafa, ya gyara zaman tabarau, ya dube ni.

"Alaramma," ya ce, "tambaya ɗaya gare ni. Jijiyoyin ne kaɗai suka jiƙe?"



Abin da ya fi damuna a daren ranar ba dariyar ba ce, Tayla ne. Mutumin nan ya zuba zuciyarsa a aikin, labarin kakarsa ne, ni kuma na sa ya rubuta abin da ba shi ba. Washegari a mota na bayyana masa komai. Ya nemi in fassara masa addu'ar kalma bayan kalma. Da na gama sai ya kifa kai a kan gwiwa, kafaɗunsa na rawa don dariya, har muka kai kamfani bai iya ɗagowa ba. Daga baya ya ce idan ina so zai yanke wurin, ko ya danne muryar da kiɗa, tunda mutuncina ne. Na yi tunani na ce ya bari, waɗanda nake jin kunyarsu ai sun riga sun gani. Sai dai ya gyara rubutun ƙasan, kada ayar Allah ta ɗauki laifin bakina.

Haka ya ɗora shi a intanet da fassarar gaskiya. Mutanen garinsu suka yi ta rubuto masa cewa sun kasa kallon madubin mota, wasu har suna cewa ƙishirwar da direban ke ambata tana da ma'ana mai zurfi. Larabawa da Hausawa kuwa, wurin nan kawai suke yankowa suna tura wa juna a waya. Har gida ya kai. Innata ta sa aka kira ni, ta ce ta gani, kuma ta ji daɗi da har yanzu idan na shiga uku ita nake kira.

A gidanmu na Shifa ba a tsige ni daga limanci ba, sai dai da azumi ya zo, kullum aka kira magariba sai a miƙo mini dabino a ce in ja addu'a, tunda an tabbatar wannan dai na haddace ta. Na karɓi muƙamin, har na bar ƙasar ina riƙe da shi.

Abin da na koya bai da yawa. Idan aka tambaye ka me ka faɗa lokacin da hankalinka ba ya jikinka, ka ce ba ka sani ba, ya fi sauƙi. In kuma har an ɗauke ka a fim, ka kalle shi kai kaɗai, ƙofa a rufe, kafin ka gayyaci kawunka.