Ranar da Na Shanye Iskar Yayan Rukayya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Asabar a tekun Jumeirah, kuma ko na so in manta matata ba za ta bari ba.

Ni dai tun ina ƙarami ba a san ni da zama wuri guda ba. Hajiyarmu takan ce kamar an zuba min cinnaka a wando. Da na zo Dubai na sami aiki a wani ofishin kago, masu aika kaya ƙasashe, a Al Sabkha, sai halin ya sami gidan zama: waya biyu a hannu, abinci a tsaye, sallama ma ina tafiya nake amsa ta.

A lokacin ina neman auren Rukayya, tana Kano. An gama bincike a gida, saura abu ɗaya. Wanta, Yaya Mansur, injiniya ne a nan Dubai, mahaifinsu kuma ya ce duk abin da ya faɗa a kaina shi za a bi. Wato aurena yana bakin mutumin da idan ka ce masa "ina kwana" sai ya gama nazari kafin ya amsa.

Haɗuwarmu ta farko a wani shagon shayi ne a Hor Al Anz. Cikin hira ya ce shi duk Asabar nutso yake zuwa yi a teku, irin wanda ake goya tulun iska a baya. Kafin ya rufe baki na ce, "Ai Yaya ni ɗan ruwa ne, a kogin Wudil na tashi." (Sau biyu na taɓa shiga kogin nan, kuma iya ƙugu na tsaya.)

Ya dube ni ya daɗe. "Madalla. Ka je ka yi kwas ɗin, sai mu shiga tare."

Na yi kwas na kwana huɗu. Malaminmu wani Bamisire ne, kuma ina jin a tsawon kwanakin nan babu abin da ya fi faɗa min kamar, "Shwaiya shwaiya, habibi," wato in bi a hankali. Na dai karɓo takarda, ban tsaya jin sauran ba.

Ranar da za mu shiga, muna cikin kwale-kwale Yaya Mansur ya ɗaga ɗan agogon auna iska da ke maƙale a tuluna ya nuna min. "Allura tana kan ɗari biyu. Idan ta kai hamsin, ta shiga ja, sai mu hau. Abu uku za ka lura da su a ƙasa: numfashinka, allurarka, da abokin nutsonka. Yau ni ne abokin naka."

Na ce, "Khalas, Yaya, an gama." Alhali hankalina yana kan kyamarar da na aro. Na riga na yi wa Rukayya alkawarin hoto da wani ƙaton kifi, ko kunkuru, kai ko menene dai mai girma.

Muka sauka. Mutane shida ne a ƙasa, kowa ya shimfiɗu a ruwa, hannu a naɗe, yana ɗan motsa ƙafa kamar mai jin barci. Na ce a raina, wannan ai ɓata lokaci ne, mun zo teku guda sai mu tsaya kallon dutse ɗaya? Na buga ƙafa na yi gaba. Na ga inuwa a dama na bi ta. Na ga wata a hagu na juya. Ina iyo da hannu da ƙafa, ina haki kamar mai bin motar haya, kumfa kuwa tana tashi a kaina ba ƙaƙƙautawa. Babu kifin da ya tsaya, duk wanda na nufa sai dai in ga jelarsa.

Can na hango Yaya Mansur ya kafe a gaban wata 'yar ciyawa, sauran suna matsowa a hankali. Na ce to, an ga babban abu. Na taho a guje na yi birki da ƙafa a kan yashi. Nan take wurin ya turnuƙe, ko tafin hannuna ba na gani.

Da ruwan ya ɗan washe sai na ga idanunsa ta cikin tabarau. Bai yi komai ba, ya kamo agogona ya juyo min da shi. Allura ta yi nisa cikin ja. Ya nuna min nasa, ko rabi bai sha ba. Minti goma sha biyar kacal muka yi.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ya zaro tiyonsa na biyu ya miƙo min na sa a baki, ya riƙe ni a kafaɗa, muka fara hawa sannu sannu. Haka na fito daga tekun Dubai, a ƙarshen tiyon yayan budurwata, kamar akuyar da aka kamo a gonar mutane. Sauran ma suka biyo mu, don babu abin da ya rage a gani.

Muka koma cikin kwale-kwale. Ni kuwa na duƙufa ina goge kyamarar da babu hoto ko ɗaya a cikinta.

"Me ka gani a ƙasa?" in ji Yaya Mansur.

"Gaskiya ruwan ne bai da kyau yau, Yaya."

"Akwai wani ɗan kifi mai kai irin na doki, bai kai ɗan yatsa ba, yana naɗe jelarsa a ciyawa. Wata uku ina nemansa. Yau na same shi." Ya kurɓi ruwa a gora. "Ba shi ya dame ni ba, zai dawo. Ni abin da yake kai ni ƙasan nan, nan ne kaɗai wurin da waya ba ta samuna, nake jin numfashina. Amma bari in tambaye ka. Sau nawa ka waiwayo ka duba ni?"

Na ci gaba da goge kyamarar.

"Ni sau ashirin na dube ka, ina ƙirgawa. Da tawa iskar ce ta tsaya, da sai a hoto za ka gan ni." Ya ajiye gorar. "Ƙanwata kuma ba ta da sauri. Tun tana yarinya ita ce ta ƙarshe a hanyar makaranta."

Wallahi da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta ba.

Saƙon da ya aika Kano gajere ne: "Ba shi da mugun hali, amma a ba ni shi wata shida." Aka ɗage sa rana. Asabar ashirin da huɗu na yi ina bin mutumin nan a ƙasan teku, hannu a naɗe. A ta goma sha ɗaya na ga ɗan kifin da idona, kuma sai da na fara dubawa ko Yaya yana nan kafin na dube shi.

Yanzu shekararmu biyu da aure. Gaggawar dai ba ta bar ni ba, ƙarya nake in na ce ta bar ni. Abin da na koya kawai shi ne saurin banza iskar wani yake shanyewa. Idan muka shiga kasuwa a Deira, duk taku goma sai na juya in duba baya, har Rukayya ta gaji.

"Malam, yi tafiyarka," takan ce. "Ina nan, ban nutse ba."