Aljihun Alhaji Tanimu

A wata unguwa cikin Zariya an buɗe cibiyar koyar da aikin riga, wato adon zare da ake yi wa babbar riga da allura. Da can a zaure ake koyon wannan sana'a, a tsakanin hira da gulma, amma yanzu zamani ya zo an raba ta mataki uku, kowane da takardar shaidarsa. Wani bawan Allah mai suna Lurwanu, tsohon ɗan acaɓa da hukuma ta raba shi da babur, ya shiga ya gama matakin tsakiya. Aka ba shi takarda mai hatimi ruwan gwal. Ya sa ta a gilashi ya rataye a shago, inda duk mai shigowa sai ya yi karo da ita kafin ya ga mai shagon. A takardar an rubuta cewa ya ƙware. Ba a dai faɗi a kan me ba.

Aikinsa na farko shaddar Alhaji Tanimu ce, attajirin unguwar, mutumin da maroƙa suka daina ɓata muryarsu a kansa tun yana saurayi. Ya kawo wa Lurwanu ne don ya ji an ce sabon hannu ba ya tsada. Lurwanu ya zauna ya zuba mata adon nan da ake kira aska biyu, aiki ya fito ras. Matsala ƙarama ce kawai. Wajen yi wa aljihu ado, masu sana'ar kan tura kwali a ciki don kada allura ta kamo bayan rigar. Wannan darasi, ga alama, an ajiye shi sai mataki na ƙarshe. Lurwanu ya ɗinke aljihu da ƙirjin riga gam, ko tsinke ba zai shiga ba.

An daɗe da wannan, har an manta, sai ga Alhaji da safe ya tiso ƙeyar Lurwanu gaban shugabar cibiyar, Malama Kubura, riga a kafaɗa, yana huci.

"Malama, ku kuka ba wannan mutumin takarda?"

"Mu ne, Alhaji. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! Ku karɓe abarku yau ɗin nan. Dubi ta'asar da ya yi mini. Wannan aljihu ne ko bango?"

Malama ta gyara tabarau, ta tura yatsa, yatsa ya dawo. Ta dubi Lurwanu, wanda ya rungume takardarsa da gilashinta kamar jariri, don ya san in ta tafi, shagon ma ya tafi.

"Lurwanu, da gaske mu muka koya maka wannan?"

"Ranki ya daɗe, ɗinkin dai ki duba shi. Ko zare ɗaya bai tashi ba."

"Ai na gani. Ƙarfinsa ne ya kawo mu nan." Ta juya wajen Alhaji. "Yaushe ya kai maka rigar? Jiya?"

"Wane jiya? Tun ƙaramar Sallah."

Malama ta cire tabarau. Babbar Sallah ma ta wuce, an cinye nama.

"To ajiye ta ka yi a akwati?"

"In ajiye? Da ita na je Idi. Da ita na je ɗaurin auren 'yar ƙanena, da taron gidauniyar masallaci, da gaisuwar surukai. Kowace Juma'a ita ce a jikina."

"Ikon Allah. Duk wuraren nan, Alhaji, ba ka lura ba?"

"Me zai sa in lura? Jiya ne a wajen suna aka raba goro da dabino, na kai hannu zan zuba nawa, sai na ji ba hanya. A gaban mutane fa, Malama! Sai a hula na zubo su."

Malama ta yi tari irin na wanda dariya ta shaƙe, sannan ta miƙa hannu wajen takardar.

"Lurwanu, kana da abin cewa kafin in karɓa?"

Lurwanu ya ƙara ƙanƙame gilashinsa.

"Ranki ya daɗe, a yi mini rabin hukunci. Hanyar shiga kaɗai na toshe. Hanyar fita kuwa, a toshe na same ta."