Ranar Da Na Kai Kogin Ƙanƙara Cikin Aji

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar bazara ba, ranar da na ɗauro kogin ƙanƙara a bayan moto, wato babur, na kai shi aji. Lokacin ina malamin kwantiragi a wata kolej ta ƙauye can wajen Korgom, ina koyar da labarin ƙasa, kuma ina ji da kaina sosai (ga jaka mai zif, ga agogon da ba ya aiki amma yana ƙyalli).

Wata rana diraktan makaranta ya kira ni ya ce konseye, wato mai duba aikin malamai, zai zo daga Tasawa, ya zauna a ajina ya ga yadda nake koyarwa, kuma abin da ya rubuta zai shiga dosiyena, wanda da shi za a duba ko na cancanci aikin dindindin. Na buɗe littafi in ga darasin da ya faɗo a makon. Galasiye! Wato kogunan ƙanƙara na ƙasashen sanyi da yadda suke cin ƙasa.

To ni dai iyakar sanina da ƙanƙara, ta leda ce da ake jefawa a ruwan sha, sai wadda ke faɗowa da damina tana yayyaga ganyen hatsi. Amma a baki na iya darasin tsaf. Ƙanƙara na taruwa bisa manyan duwatsu shekara da shekaru, har nauyinta ya sa ta fara rarrafowa gangare. Tana tafe tana ɓamɓarar duwatsu, su maƙale a ƙarƙashinta, tana gurzar ƙasa da su kamar ana niƙa. In ta wuce sai ta bar kwari mai faɗin gindi kamar harafin U, da zane-zane a jikin dutse, da tsibin tsakuwa a inda ta tsaya. Matsalar kawai, yaya zan sa yaran da zafi ke hana su zama wuri ɗaya su ga wannan a ransu?

Sai dabara ta faɗo mini, har na yaba wa kaina. Ran Lahadi na tafi Tasawa gidan yayata Hadiza, mai sayar da ƙanƙara da zoɓo. Na zuba tsakuwa a ƙaramin bokiti, na cika shi da ruwa, na roƙe ta ta sa mini a firigo. Ran Talata da sassafe na koma, muka kifa bokitin, ga curi ya fito sumul, tsakuwa maƙale a gindinsa. Na naɗe shi a buhu da ƙaiƙayi, na ɗaure a moto.

Na tayar ke nan ta biyo ni ƙofar gida tana cewa, "Kai, tsaya ka ji wata magana!"

Na ce, "Yaya, sai na dawo, zan makara!" Na ba moto wuta.

A aji na riga na shirya komai. Na jingina wani tsohon tabulo, wato allon aji, a kan benci ya yi gangare, na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen yashi da laka. Konseyen ya iso, wani dattijo da ake kira Mushe Lawali (Mushe shi ne Malam da Faransanci), cikin farin yadi da ya sha guga. Ya nufi bayan aji zai zauna, kamar yadda suka saba. Ni da bakina na ce masa, "A'a Mushe, ku matso gaba ku gani da kyau." Ni da hannuna na ɗauko kujera na ajiye masa a daidai gindin gangaren (har yau in na tuna wannan sai na rufe ido).

Na fara da Faransanci mai kauri, ina yi ina fassarawa. Na kwance buhu, yara suka miƙe tsaye suna leƙe. Na ɗora curin a saman gangare, na dafa shi da hannu biyu, na ce, "Ku lura, galasiye ba ya gaggawa. A hankali yake tafiya, har ido ba ya ganin motsinsa."

Na danna, na tura.

Fus! Ashe ɓawon waje kaɗai ya daskare, cikin duk ruwa ne. Curin ya fashe kamar ƙwai, ruwan ya kwaso laka da tsakuwa, ya gangaro da gudu ya sauka a cinyar Mushe Lawali, da farin yadin da takardun da yake rubutu a kai.

Ni kuwa ina tsaye, hannuwana cikin fasasshen ɓawo, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannuna. Kowa ya zubo mini ido. Ya kamata in ba da haƙuri, amma abin da bakina ya zaɓa shi ne, "To... wannan shi ake kira ɗumamar yanayi."

Wallahi Mushe Lawali ne ya fara fashewa da dariya, sannan yara suka ɗauka, wasu har suna dukan tebur. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da dariya ta lafa, ya miƙe, ya cire takalmi ya zazzage tsakuwa, ya tsaya yana kallon gangaren. Ya nuna ramin da ruwan ya yanka a yashi ya ce, "Wa ya taɓa ganin irin wannan?"

Wata yarinya mai suna Aisatu, 'yar gidan makiyaya, ta ɗaga hannu. "Mushe, kamar kwazazzabon bayan gari ne, inda maraƙinmu ya faɗa bara. Sama faɗi, ƙasa tsukuku."

"Madalla. Aikin ruwa ke nan, harafin V." Ya tsinto ɓallin ƙanƙara mafi girma, mai tsakuwa a jiki, ya miƙo mini. "Mushe, ja wannan a gefensa. A hankali dai, don Allah."

Na ja a hankali. Sai ga rami mai faɗin gindi, ga zane-zanen tsakuwa a cikinsa, ga ɗan tsibin yashi a inda na tsaya. Ramuka biyu kusa da juna, na ruwa da na ƙanƙara. Yaran suka kewaye tabulon suna sa yatsa suna gardama. Ban taɓa ganin sun kama darasi kamar ranar ba.

Bayan an tashi na same shi ƙarƙashin itacen bedi yana shanya takardunsa. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Tunaninka ya yi kyau. Amma ka gwada abin nan kafin ka kawo shi?"

"A'a, Mushe."

"Na gani," in ji shi. "Na ma ji a jikina."

Da yamma na buga wa Yaya Hadiza waya ina ƙorafi. Ta ce, "Ai abin da na so in gaya maka ke nan! Jiya wuni guda babu wuta, amma ka fizgi moto kamar ana korarka." Ta yi ta dariya har wayar ta katse.

Rahoton dai ya fito da kyau, fiye da yadda na cancanta, kuma daga baya na samu aikin dindindin. Sai dai na samu har da suna. Ɗalibaina na lokacin yanzu sun zama magidanta, amma in mun haɗu a kasuwar Maijirgi, daga nesa za ka ji an ƙwala, "Mushe Galasiye!" Ni kuma in amsa, don ba ni da bakin musu.

Har gobe ina yin wannan darasin da ƙanƙara, kuma ina jin daɗinsa. Amma yanzu duk wata dabara da ta burge ni, sai na fara gwada ta a tsakar gidana, inda in ta watse matata ce kaɗai za ta yi dariya. Babban baƙo kuma, in ya zaɓi bayan aji, to ya san abin da yake yi, in bar shi a can.