Cire Ali, Sa Musa

Ba na jin zan taɓa mantawa da bikin raba kyaututtuka na makarantarmu ba, a shekarun nan da soja suka koma bariki, 'yan siyasa suka cika gari da fastoci. Ina koyar da Hausa ne a wata sakandare da ke wajejen Ƙofar Kwaya, kuma ni ne mai riƙe da makullin ɗakin kwamfuta. (Kwamfutar guda ɗaya ce tak, amma mun ba ta ɗaki, har da labule.)

Ba don na fi kowa iyawa aka ba ni makullin ba, na dai fi kowa nuna na iya. Wannan ya sa kullum nake ganin kamar ana neman ƙwace min shi. Wanda na fi zargi shi ne Malam Kabir, malamin lissafi, mutum shiru-shiru mai yawan tsayawa a bayana in ina bugu. In ya ce, "Malam, a taimaka maka?" sai in ji kamar cewa ya yi, "Malam, tashi ka ba ni wuri." In na tarar ƙyallen da nake rufe na'urar da shi ya ɗan karkace, shi ne. In takarda ta maƙale a firinta, shi ne. Ƙarshe dai na sa wa kwamfutar kalmar sirri, na hana kowa sani, har shugaban makaranta.

Ita kuma na'urar ba ta jin Hausa ko kaɗan. Ba ta da ƙa, ba ta da ɗa, sai in na fitar da takarda in bi da biro ina lanƙwasa kawunan haruffa. Duk kalmar da na buga kuwa sai ta ja mata jan layi a ƙasa, wai kuskure ce. Shafi guda sai ya koma kamar an yanka kaza a kai. A hankali idona ya saba, na daina ganin jan layin gaba ɗaya.

To, ana shirin biki, sai shugaban makaranta, wani dattijo da muke kira Baba Firinsifal, ya ba ni jawabinsa in buga. Babban baƙo shi ne Alhaji Ali, wani ɗan kasuwa, kuma sunansa ya cika jawabin. Ana jibi biki labari ya canza. Wai an ja kunnen Baba cewa Alhaji Ali ɗan jam'iyyar da ta faɗi ne, gara a gayyato sabon kansila, Alhaji Musa, wanda ya nuna zai rufa mana azuzuwan da iska ta yaye. Mutanen biyu kuwa ko gaisawa ba sa yi.

A ranar ne na gano wata dabara. Ashe akwai wurin da za ka ce wa kwamfuta ta nemo kalma kaza ta musanya ta da kaza, duk inda take. Na rubuta Ali a sama, Musa a ƙasa, na danna. Kafin in ƙifta ido ta ce ta gama. Na ji kamar na tsinci rijiyar mai a bayan gidanmu. Na waiga na tabbatar Malam Kabir ba ya leƙe, na fitar da takardun, na liƙe su a ambulan.

A bakin ƙofa na ci karo da shi. Ya ce, "Kawo in duba maka, ido biyu ya fi ɗaya kama kuskure."

Na ce a raina, wato ka ga dabarata ko ka ɓata min aiki. A fili kuma na ce, "Na gode, an riga an duba." (Ba wanda ya duba. Ko biron lanƙwasa haruffa ban bi da shi ba, don kada takardar ta daɗe a fili.)

Ranar biki rumfa ta cika da iyaye. Alhaji Musa na zaune a gaba da jama'arsa. Baba Firinsifal ya gyara tabarau, ya buɗe ambulan. Shi kuwa mutum ne da ba ya tsallake abin da aka rubuta.

"Ya ku iyayen d... dMusabai."

Ya ci gaba. "Babban dMusalin taruwarmu a yau..." Ya ɗago ya kalle ni, ya mayar da kai. "Baƙonmu, Alhaji Musa, ɗan asMusa ne, mai kyakkyawan hMusa, mai cikakken hankMusa, abin misMusa ga iyMusansa."

Nan take 'yan aji shida suka kife da dariya. Yarinyar da ta zo ta ɗaya, Halima Salisu, Baba ya karanto sunanta daga jawabin, wai HMusama SMusasu, ta ƙi tasowa, uwarta na ta zungurinta. Alhaji Musa ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "Na gane. Mutanen Ali ne suka shirya man wannan." Ya fice da jama'arsa.

Da na yi shiru a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Muna shiga ɗakin malamai na ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, zagon ƙasa aka yi min. Akwai mai shiga kwamfutar nan a bayana, kuma kowa ya san shi." Na kafe Malam Kabir da ido.

Baba ya ce, "To wa da wa suka san kalmar sirrin?"

Na buga ƙirji. "Ni kaɗai! Ko matata ba ta sani ba."

Sai da maganar ta fita na ji ta. Malam Kabir ya ɗauki alli ya rubuta hankMusa a allo, ya goge Musa, ya sa ali. Ya juyo ya ce, "Mi ka ce wa na'urar ta yi, Malam?"

Wallahi ba ta yi min ƙarya ba. Na ce ta cire Ali duk inda yake, ta bi shi har cikin hankali ta ciro.

Da yamma muka ɗunguma gidan kansila, ni da Baba, kuma Malam Kabir ɗin da na ci wa fuska shi ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla a kan takarda. Alhaji Musa ya daɗe yana kallonmu kafin ya yarda ba aiko mu aka yi ba. Da ya yarda kuwa, dariya ya yi har da hawaye. An rufa azuzuwan kafin damina ta yi nisa.

Na ba Malam Kabir haƙuri, ya ce ba komai, amma har na bar makarantar in muka haɗu sai ya ce, "Malam, ya iyMusa?"

Abin da na koya dai shi ne, in zan fara neman wanda ya yi min zagon ƙasa, in fara tambayar wa ya danna. Sau da yawa yatsan na jikin hannuna.