Yadda Mai Ciwon Suga Zai Tsere wa Ganye

Ɗan'uwa mai suga, mai hawan jini, kai da likita ya duba ta saman tabarau ya ce ka bar nama ka koma ganye, share hawayenka. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba tsallake, za ka gano da kanka cewa abincin ganye bai karɓe ka ba, kuma za ka gano haka tun kafin ka ɗanɗana shi. Kada ka yi shakkar ilimina. Ni mai ɗinkin kujerun mota ne a kasuwar Abossey Okai da ke Accra, kuma na taɓa ɗinke kujerar motar wani likita, har na zauna a kanta don gwaji. Tun ranar nake jin wani abu ya shige ni.

Ban gwada dabarun a jikina ba, don gwani ba ya gwaji da kansa. Na gwada su ne a kan maƙwabcin shagona, Yaya Alidu mai sayar da kayan gyaran mota. Yana da suga, yana da hawan jini, ga wani ɗan gyambo a babban yatsan ƙafa da ya ƙi warkewa. Likita ya faɗa masa ɓaro-ɓaro cewa in sugan bai sauka ba, yatsan nan ba zai ga babbar Sallah a ƙafarsa ba. Alidu ya san ba barazana ba ce, don wansa yana nan unguwar Maamobi a zaune da ƙafa ɗaya. Amma mutum ne da in yamma ta yi bai ci tsire ba, gani yake ranar ta tafi a banza. Shi ya sa ya zo wurina, kamar yadda ka zo.

Mataki na 1: Ji rabin maganar likita

Likita zai yi magana mai tsawo. Kada ka wahalar da kunnenka, ɗauki kalma ɗaya da ta yi maka daɗi ka bar masa sauran.

Na Alidu da Turanci ya yi masa bayani, ya ce abincinsa ya zama “filant-bes”, wato mai tushe daga tsirrai. Alidu ya dawo kasuwa yana murmushi.

“Masa,” in ji shi, don haka yake kirana, “dokita ya ce in ci filanten. Filanten kawai, agada ke nan.”

Na san ba haka aka ce ba, amma gwani ba ya ɓata wa ɗalibi farin ciki. Muka kira mai kelewele, wato nunanniyar agada da ake soyawa da citta da barkono. Alidu ya yi sati yana bin umurnin likita da hannu biyu. Da aka auna sugansa, ma'aikaciyar jinya ta dubi na'urar, ta girgiza ta, ta sake dubawa.

Wannan matakin yana da daɗi amma ba ya daɗewa, saboda haka ka ci da sauri.

Mataki na 2: Sake wa nama suna

Me saniya take ci? Ciyawa. To mene ne saniya in ba ciyawar da ta yi ƙafa ba? Riƙe wannan hujja da kyau, amma kada ka fara da ita a gida. Fara da wele.

Wele ita ce gandar da ake ɗora wa waakye, waken nan namu da shinkafa da Accra ta karɓe ta lanƙwasa masa suna. Ni shaida ne cewa wele ba nama ba ce, fata ce, kuma da fata nake rufe kujeru. Na koya wa Alidu wannan fatawa, ya kai wa matarsa Zalia da ƙwarin gwiwa.

Washegari ya zo shago. Na ce, “Yaya, me ta ce?”

“Zalia ya ce in wele kushin ne, to in zauna a kai.” Hausar Alidu ta zango ce, mace ma “ya” yake ce mata.

Ka lura da wannan mata, za ta sake fitowa.

Mataki na 3: Tambayi kowa ban da wanda ya sani

Shawara ɗaukar ɗaki ce, amma ka san wanda za ka kira ya kama maka. Je bencin ƙofar masallaci bayan la'asar. A can za ka samu dattijon da kakansa ya shekara ɗari da wani abu yana cin kitse, kuma da haƙoransa aka binne shi. Kada ka tambayi ko kakan ya taɓa zama a shago daga safe zuwa yamma yana shan lemon kwalba.

Daga nan hau trotro, motar hayar nan tamu, zuwa shataletalen Circle, ka saurari mutumin da ke tashi tsaye da jaka yana tallar garin magani mai warkar da suga, basur, ciwon baya da rashin sa'a. In mutum uku sun ce ganye yana tsinka jini, an yi ijma'i ke nan.

Mataki na 4: Ari ciwon wani

Nan ne gwaninta take. Akwai gaskiya guda da ko likitoci ba sa musu a kanta: ganye ba na kowa ba ne, kowane ciwo da nasa ƙa'idar. Zakaria mai walda a layinmu yana da ciwon ƙoda, kuma asibiti da kanta ta ce ya yi hattara da kontomire, ganyen gwazar nan, da ayaba da wake. To me kake jira? Ari ƙodar Zakaria.

Alidu ya koma gida ya dafe kwiɓi, ya ce wa Zalia yana jin ƙodarsa tana magana, kuma an ce masu irin wannan ciwo ganye guba ne a gare su.

Zalia ba ta yi gardama ba. Cewa ta yi, “Yoo, na ji, Baban Mubarika. Gobe mu je tare a duba.”

Ta yafa mayafinta da sassafe ta bi shi asibiti, tana ɗingisa ƙafa don ita ma gwiwa tana damunta. Aka auna ƙodar Alidu aka tarar lafiyarta ƙalau, ta fi tawa. Daga nan Zalia ta ja shi ɗakin matar da ke ba da shawarar abinci, ta zauna ta yi ta tambaya: wane ganye, wane wake, tuwo kamar yaya, gishiri fa, maganinsa fa, in ya bar nama me zai rasa, da me za a cike masa. Aka ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya, aka ce ya ci gaba da shan maganinsa, a riƙa wanke gyambon, su dawo awo. Alidu ya ce mini ya zauna a gefe kamar motar da aka kawo gareji, masu ita suna magana a kanta.

Darasi: ari ciwon da ba a iya aunawa. Kuma ko ana ha-maza-ha-mata, kada ka bari matarka ta bi ka asibiti.

Mataki na 5: A gida, zama tunkiya

Tunda an kama ka, sai ka miƙa wuya. Za a kawo maka tuwon zafi ɗan mitsitsi, miyar ayoyo ta shanye shi. Ci. Za a kawo wake da ganye ba mai sosai, gishirin kamar an ba shi labari. Ci, ka lumshe ido, ka ce ashe abin da kake rasawa ke nan. Sha maganinka a gabanta, ka miƙa ƙafa ta wanke gyambon. Mace ba ta bincike a kan mijin da ya cinye kwano.

Amma ka bar wuri a cikinka, don mataki na gaba yana buƙatarsa.

Mataki na 6: Samu mai tsire mai riƙon amana

Namu shi ne Ɗanbala, mutumin Birnin Ƙonni, da ke da tukuba kusa da inda trotro ke sauke mu a unguwarmu Nima. Mutum ne mai tasbaha a wuya, kuma duk zangon nan an san ba ya ƙarya ko da wasa. Irin wannan kake so, don wanda ba ya ƙarya yawanci ba ya surutu.

Ranar da muka fara zuwa bayan dawowarsa daga asibiti, ba mu gama sallama ba ya miƙo wata ƙunshin takarda daga gefen tukuba.

“Ga naka, Alhaji, na ware maka.”

Alidu ya buɗe, ya ɗauki tsinke ya juya shi. “Ɗanbala, wannan na mene ne?”

“Na suya ne, Alhaji.”

Mu a nan cicinga muke cewa, amma mun san mutanen wancan ɓangaren suna ce wa tsire suya, saboda haka ban ga abin tambaya ba. Alidu ya gatsa, ya tauna a hankali, ya ɗan tsaya yana kallon tsinken. Sai ya ce, “Ya yi paa,” wato ya yi daɗi sosai, ya miƙo mini ɗaya.

Ɗan'uwa, ban taɓa cin nama mai laushi haka ba. Ba jijiya, ba kitse, ga ƙamshin hayaƙi, ga yaji mai ratsa kai. Na yi wa Alidu bayani a matsayina na gwani cewa wannan cinyar ɗan rago ce, irin wanda bai taɓa gudu ba. Ɗanbala ya ci gaba da fifita wutarsa. Kullum muka taso kasuwa sai mun tsaya, kullum ƙunshin yana gefe yana jiranmu. Alidu ya goge baki, ya tauna ɗan kanumfari, ya shiga gida ya zama tunkiya.

Mataki na 7: Je awo, ka dawo ka yi alfahari

Sallah ta matso, Alidu ya koma asibiti. Suga ya sauka, jini ya lafa, gyambon ya haɗe baki. Likita ya ce yatsan ya tsira, amma kada a saki jiki. Na yi murna ƙwarai, don ina son mutumin nan, kuma duk tsawon lokacin nan ban manta da wansa na Maamobi ba. Amma murnata ta gwani ta fi. Na bi layinmu ina shelar cewa na gano maganin suga: ganye a fili, nama a ɓoye.

Rannan na tashi aiki da wuri, na ce bari in riga Alidu zuwa wurin Ɗanbala. Wa zan gani a bakin tukuba? Zalia, tana haki saboda tudun da ta hauro, tana buɗe wata roba. A ciki ga farare-fararen yanka an jera, ga ƙullin yaji a gefe. Ɗanbala yana karɓa yana tsirewa a tsinke.

Na ce, “Ɗanbala, wannan fa?”

“Na suya ne.”

“Wace suya?”

“Waken suya. Awara ce Hajiya take matsewa ta kawo.” Ya dube ni ko dariya babu. “Na taɓa ce maka rago ne? Kai ka ce.”

Zalia ta rufe robarta. “Masa, ka ga wani abu?”

“Ban ga komai ba, Hajiya.”

“Yoo.”

Amma gwani ba ya cin amanar ɗalibi. Washegari tun kafin a buɗe shaguna na same shi na rattaba masa komai, cewa an yaudare mu, an haɗa baki da mai tasbaha, wake muke ci. Alidu yana goge wani boris na ƙafar mota da tsumma, ko ɗagowa bai yi ba.

“Masa, ni da nake taɓa boris ido a rufe in faɗa maka orijina ne ko jabu, kana ce ban san wake ba? Tun tsinken farko na sani. Yajin ma kraa na gidana ne. Hannun matar nan nake ci tun ba ka fara ɗinki ba.”

“To me ya sa ka yi shiru?”

Ya ajiye boris ɗin. “Zalia yana hawa tudun nan kullum da gwiwa mai ciwo, don yatsana. In je in ce masa na gane?” Ya zare ƙafa daga silifa, ya motsa babban yatsan yana kallonsa. “Yana jin daɗi ya yi min wayo, ni ma ina jin daɗi na yi masa wayo. Ka bar mu haka. Kai dai ka ci gaba da cewa rago ne, kana taimako.”

Na koma shagona na zauna a kan kujerar wata tasi.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka sakamakon bin matakan nan, babu hannuna, babu ƙafata, babu ko yatsana. In ganye ya karɓe ka, kai ka sani. In ƙodarka irin ta Zakaria ce, ko kana shan magani, je ka tambayi masu farar riga, kada ka tambayi mai ɗinkin kujera. In ka haɗu da Zalia a hanyar Nima da roba a hannu, ba ka karanta komai ba.

Kuma kada ka zo nemana da ƙorafi, ina da nawa. Watan jiya aka auna ni aka ce jinina ya ɗan hau, kwana biyu kuma aka ga matata tana rakiyar Zalia. Yanzu in na isa tukuba, Ɗanbala daga gefe yake miƙo mini nawa ƙunshin. Ban tambaye shi na mene ne ba. Na dai gane yajin.