Nomau da Rajistar Awaki

A Tudun Kanya akwai wani mutum ana ce da shi Nomau. Daga shi sai yayarsa Tabawa, sai akuya ɗaya tak, wadda ita ce dukiyar gidan. Nomau ba shi da mugunta, sai dai in ka ce ya jira ka nan, ko bayan kwana uku nan za ka tarar da shi. Ana nan sai ciwon awaki ya ɓulla a maƙwabta, aka ce garin da bai yi rajistar dabbobinsa ba, ba za a kai masa allura ba. Nomau ya rantse akuyar Tabawa ba za ta mutu ba, ya liƙe wa Malama Zinatu, ma'aikaciyar dabbobi mai kwamfuta.

Wata rana ta ce masa, "Malam Nomau, ajiyar bayanai a kwamfuta iri biyu ce. Ta farko jadawali: masu awaki gefe, iyayen awakin gefe, 'ya'yan gefe, lamba ke haɗa su." Gogan naka ya zaunar da masu awaki gindin tsamiya, ya kora iyayen cikin shinge, ya kulle 'ya'yan a zaure, ya shafa wa kowa lamba da shuni a goshi, har mai unguwa. Ƙirga kam ta yi sauƙi. Amma gumi ya wanke lambobin, 'ya'yan suka cika gari da kuka, ba a gama haɗa kowane da uwarsa ba sai la'asar.

Wata rana ta ce, "Ta biyu kuwa, kowace akuya da bayaninta duka a jikinta: mai ita, shekarunta, 'ya'yanta." Nomau ya sa aka rubuta, ya rataya wa kowace takarda a wuya. Awakin suka cinye takardun. Bai karaya ba, ya sa aka sake, ya kai wa dukawa suka ɗinke su kamar layu. Yanzu ka kama akuya ɗaya, ka san komai nata. Sai Malama ta ce, "To nawa ne masu ciki?" Kwana uku yana bin su lungu lungu yana farke layu, yana mayarwa. Tabawa ta ce, "Kai ɗan nan, sai ka karye za ka huta?" Ya ce, "Yaya, sai an yi allurar."

Wata rana Malama ta ce, "Gobe da safe ka kawo mini duk bayanan ofis." Gari na wayewa sai ga awakin Tudun Kanya kaf a bakin ofis, Nomau na bayansu da sanda. Malama ta dafe kai don takaici. Ana cikin haka motar allura ta tsaya. Mai allurar ya leƙo ya ce, "Garin da aka tura mu awakin duk sun tafi kiwo, ƙanƙarar maganin kuma na narkewa. Waɗannan suna da rajista?" Nomau ya ce, "Ga ta nan a wuyansu."

Kafin azahar an yi wa kowace. Tabawa ta rungume akuyarta tana hawayen murna. Nomau ya goge gumi ya ce, "Malama, in mayar da bayanan gida? Ba su ci komai ba tun safe."