Madubin Jirgin Tsoho Gil

"Madubi? Ni da na gyara lif ɗin hawa bene da cokali? Kafin shayinki ya huce na gama!"

Haka Pyo Mansik ya faɗa wa matarsa Sunja, yana buga ƙirji a bakin tashar jiragen ruwa ta Tongyeong. Kai dai ka san irinsu, aboki: baki kamar rediyo, hannu kuwa ko ƙusa bai iya riƙewa ba. Ran nan surukinsa, Tsoho Gil, ke cika shekara saba'in, za a fita teku da abokansa a jirginsa mai filafilai. Tsohon ya ce in ya ga hankali a jikin Mansik, yau zai damƙa masa sitiyari. Shi ne gogan ya ga madubin banɗakin jirgin ya dusashe da gishiri, ya ce ga hanyar burge suruki.

"Baban Yuna, don Allah ka bar madubin nan," in ji Sunja.

"Matsa, mata ba su san aikin jirgi ba."

Ya zura wuƙa bayan madubi ya banƙara. Ɓaras! Madubi ya fito, ya taho da rabin fatar bango, don da gam aka manna shi.

"Wayyo, bangon Baba!"

"Da gangan na yi. Dama ya ruɓe."

Sarkin dabara ya ruga kasuwa, ya kinkimo wani ƙaton madubin ɗakin amarya mai katako kewaye, wanda zai rufe ɓarnar. Banɗakin kuwa ɗan tsugul ne, sai da ya rufe ƙofa ya sami wurin juyawa. Ya lafta gam ɗin jirgi, irin wanda in ya kama sai dai a sayar da jirgin tare da shi. Ya danna, ya jira ya bushe, yana fito yana gyara gashi.

"Sunja, zo ki ga aikin injiniya!"

Ya ja ƙofa. Ƙwas! Ashe ciki take buɗewa, katakon madubi ya tokare ta. Yatsa huɗu kawai ke wucewa.

"To fito mana."

"Ina duba wani abu ne."

"Kwance ƙofar!"

"Ƙusoshin suna... bayan madubi."

Ana haka sai ga Tsoho Gil da abokansa, da tukunyar miyar ganyen teku da kwalaben giyar shinkafa. Tsoho ya leƙa ta tsagar, ya ga ido ɗaya yana ƙifta masa.

"Barka da shekara, Baba," in ji idon. "A ba ni guduma in fasa shi, yanzu in fito."

"Fasa madubi? A jirgina? Ranar haihuwata, za mu hau teku? Kana so ka kashe ni ne, ɗan banza?"

Tsofaffi suka fashe da dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa. Aka ɗaga filafilai, Sunja ta kama sitiyari, wanda ya matsu aka nuna masa bokiti. Mansik na zaune kan masai, igiyar ruwa na wujijjiga shi, ana tura masa naɗin shinkafa ɗaya-ɗaya ta tsaga.

Can Sunja ta ji tausayi. "Baba, shi kaɗai fa a ciki tun ɗazu."

Tsoho ya kurɓi giya ya goge baki.

"Shi kaɗai ina? Ƙyale shi, 'yata. Yana can ido da ido da mutum ɗaya tak da ya taɓa yarda da shi."